Kawu Ilu da Fiktawansa

Ku da kuka san Kawu Ilu a unguwar Faisal ta ƙasar Masar kun san ba a ajiye madubi da mataji a gabansa. Yana gani zai jera su gefe da gefe a kan tebur, ya ja da baya ya ce, "To, karanta mini." Ni Hajara, 'yar ƙanwarsa da aka turo daga gida bayan sakandare don in kula da shi, sau nawa na fita kaina ba taza saboda matajina yana bakin aiki!

Shekara ɗaya tak ya yi a Sukotland yana saurayi, kwas ɗin likitan dabbobi. Bai dawo da mata ba, bai dawo da mota ba, sai da mutanen da suka ɓace fiye da shekara dubu. Turawa na ce musu Pict, shi ya ce Fiktawa. Sun zauna a arewacin ƙasar, sun sassaƙa duwatsu da hoton madubi da mataji da jinjirin wata, har yau babu mai iya fassarawa. Ko sunan ma, in ji shi, Rumawa suka laƙaba musu, wai masu zane a jiki. "Abin da suke kiran kansu fa, Kawu?" Sai ya buɗe hannu. "Shi ne ciwon."

Daga rufin gidanmu ana hango dalar Fir'auna. Shekara ashirin yana Masar, ƙafarsa ba ta taka can ba. Na ce, "Haba Kawu, mota ɗaya ce, yalla mu je!" Ya ce, "In je in yi me? Waɗannan an karanta rubutunsu, sun faɗi duk abin da ke bakinsu. Masu surutu ne, irinki."

Takarda kuwa ba ya saye. A bayan takardar ƙunshin ta'amiyya, ƙosan Masarawa, yake zane, duk dutsen Fiktawa a gidanmu warin mai yake. Ranar da na zubar da guda uku ina shara, kwana biyu bai ci girkina ba. Wai na gama da abin da Rumawa suka kasa.

Wata Juma'a Malam Sani da abokansa, ɗaliban unguwar Madinat Nasr, suka zo cin tuwo suka tsokane shi. "Kawu, wai daga ina mutanen naka suke?" Ya ce akwai labarin da ke cewa daga gabas mai nisa suka zo a jirgin ruwa, ba mata, sai aro suka yi a Ayaland. Masana kuma sun ce a'a, 'yan ƙasa ne, Keltawa, harshensu ɗan'uwan na mutanen Wales. Malam Sani ya ce, "To wanne ne sahihi?" Kawu ya ce, "Kai ba daga Bagadaza ka ce kakanka ya zo ba? Kowa so yake kakansa ya sha tafiya. Miƙo miyar."

Sai ranar da ya kamo Bature a metro, jirgin ƙasan cikin gari. Wallahi kamowa! Ya ji bawan Allah ya ce shi ɗan Sukotland ne, ya riƙe masa hannu har gidanmu a hawa na huɗu. Na zuba masa tuwo, Kawu ya jera madubi da mataji ya ce ya karanta. Bature ya duba, ya duba, ya ce shi dai akanta ne. Da ya tafi na zaci Kawu zai yi dariya. Sai ya ce, "Kin gani? Jikansu ne, bai sani ba." Ya shafa kumatunsa.

Kun tuna zanen fuskarsa: dogaye uku kowane gefe, da gajere ɗaya kusa da ido. Ya sha ce mini, "Hajara, zauna in karanta miki fuskata. Kowanne da gidan da ya fito." Ni kuma kullum ina da abin yi. "Anjima, Kawu, miya za ta ƙone." "Kawu, khalas, ya isa mana, an daina wannan." Sau ɗaya na tsaya, da tsintsiya a hannu, har na ji cewa gajeren na dangin kakarmu ne. Sai wayata ta yi ƙara.

Da ya rasu a 2014, Malam Sani ya gaya mini Bamasaren da ya taya su yi masa wanka ya tambaya wa ya yanke shi haka. Babu wanda ya san ma'anar zanen a cikinsu. Na kira Umma, ta ce ita ba a yi mata ba, ta taso an bari. Ta tambayi tsofaffin garinmu, wanda ya sani ya riga Kawu tafiya.

Takardunsa suna nan a akwatina. A ta ƙarshe, ƙarƙashin jinjirin wata, ya zana dogaye uku da gajere ɗaya, ya bar filin rubuta ma'ana a gefe. Gajeren kaɗai na iya cikewa.

Allah ka jiƙan Kawu Ilu, ka haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba. Kai ka san sunan da Fiktawa ke kiran kansu, ka san na kowane zane a fuskarsa. Ka haɗa mu a Aljanna. Kawu, can ba miya a wuta. Zan zauna.