Ranar da Inna Ta Huta a Bakin Teku

Jiya 'yata take tambayata inda za mu sauka a Legas, sai na tuna gidanmu na Unguwar Dosa a shekarun saba'in.

Baba ya samu hutu, ya ce zai kai mu ganin teku, mu sauka gidan abokinsa.

Inna ta ajiye muciya ta ce, "Malam, gidan mutane? Wato kai ka huta, ni in canza murhu?"

Da muka isa Legas, ɗan ɗaki Baba ya kama mana daf da ruwa.

A can na fara ganin Inna zaune ba ta aikin komai, ƙafafunta cikin rairayi, tana ta dariya.

Allah ya jiƙan su. Ku fa, kun taɓa ganin mahaifiyarku tana hutawa?