Gidan da Muka Gina a Bakin Rafi

A lokacin ina da 'ya'ya biyu, ina ɗinki a gidan haya can wajen Ungogo, maigidana kuma yana jan adaidaita sahu. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu, tsufa ya riga ya cinye mata ƙafafu. Ba mu da wani buri da ya wuce mu ga kanmu a muhallinmu.

Wani dillali ya kai mu wata gona a bakin rafi da aka yanka filaye, ƙasa baƙa mai laushi, har da sauran kunyoyin dawa. Araha ta ja mu muka saya. Gini ya kai linta sai ga ma'aikatan filaye, suka shafa jan fenti a katanga, suka ce wurin hanyar ruwa ne, doka ta keɓe shi don noma kawai. Maigidana ya je wurin lauya, ya dawo da amsar da ya ba shi. Wai filin namu ne, mu shuka abin da muke so, amma ba mu da ikon ɗora ko bulo ɗaya a kai. Mu kuwa muka ɗauka irin zaluncin nan ne da ake yi wa talaka. Dillali ya ce kowa haka yake gininsa, babu abin da zai faru. Muka yi rufi, muka tare.

A damina ta biyu, wata rana da hantsi, yara suna makaranta, na shirya zan kai ɗinki. Na leƙa ɗakin baya na yi wa Inna sallama. Ta ce, "Ki dawo da wuri, 'yar nan, ƙasan ɗakin nan sanyi yake yi." Ruwa ya tsare ni a hanya har bayan azahar. Ko da na iso, rafin ya cika ya shigo tsakar gida, ɗakinta ya rufta. Maƙwabta suna tono, wasu da shebur, wasu da hannu. A kan gadonta aka same ta.

Maigidana bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, magana ce kawai ya rage. Mun koma haya. Filin kuwa maigidana ya ba wani manomi aronsa, yanzu shinkafa ce koriya shar a daidai inda ɗakin yake. Har yau in hadari ya haɗo, sai in ji muryarta tana cewa in dawo da wuri, in kasa taka keken ɗinki.

Na san kwananta ne ya ƙare, Allah Ya jiƙanta. Amma an faɗa mana, da bakin hukuma da na lauya, muka toshe kunne. 'Yan'uwa, kafin ku sayi fili ku tambayi abin da doka ta yarda a yi a kansa. In an ce na noma ne, ku bar shi a noma. Mu mun kwantar da tsohuwa a hanyar ruwa.