Sojojin da Na Ciyar

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare ta Unguwar Shanu, kuma babu darasin da nake ji da shi kamar na fararen ƙwayoyin jini. Nakan zana da'ira a allo in ce, "Ga sojan jiki. Cuta na shigowa sai ya rabu biyu, biyu su zama huɗu. Amma kafin ya rabu, sai ya ƙara buɗe ƙofofi a jikinsa ya zuƙi bitamin daga jini. Da yunwa ba a yaƙi."

Da maiɗakina ta kwanta, likita ya ce sankarar jini ce. Ya ɗora ta a kan magani, ya ce kada a haɗa mata da komai. Na ɗauka sassaƙe da jiƙo yake nufi, irin na 'yan dubiya. Waɗannan kam na tare ƙofa na hana. Sai dai duk wanda ya zo, sai ya ja fatar idonta ya ce, "Kai, babu jini!" Ni ma na ja na gani. Na biya kemis a Hayin Banki, na sayo 'yan ƙwayoyin bitamin masu ruwan ɗorawa da ake ba masu ciki.

Ta juya kwalbar ta ce, "Malam, ciki gare ni da furfurata?"

"Sha, Hajiya. Guzurin sojoji ne."

"To, Allah ya sa su san wanda ya ciyar da su."

Wata biyu tana sha daga hannuna. Ranar da likita ya ga kwalbar, bai ɗaga murya ba. Ya juya takardar gwaji ya zana mini da'ira, irin tawa sak. Ya ce sojojin nata ne suka yi tawaye, suke ta rabuwa ba tsayawa. Maganinsa shigar burtu yake yi musu da kamannin wannan bitamin, don su buɗe ƙofa su haɗiye shi su mutu. Ni kuwa na gaskiyar nake kai musu kullum.

Na tambaye shi ko ni na ja mata. Ya ce cutar ta riga ta yi nisa, Allah ne masani. Ita kuma daga kan gado ta ce, "Likita, ƙara zana masa. Yau dai shi ma ya zauna a benci."

Ta rasu kafin ruwan fari. Da zango ya zagayo, darasin ya sake zuwa. Na zana da'irar, na fara buɗe mata ƙofofi, sai na ajiye alli. Na ce yara su buɗe littafi su kwafa.