Yaya Direba da Kyamararsa ta Hannu

Yayana direba ne. Motar ma'aikatan wani asibiti yake tuƙawa, doguwar bas fara mai shuɗin layi, wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an banke ta da kafaɗa. Da safe ya kwaso masu jinya da masu shara da masu girki daga unguwanni, da rana ya mayar da waɗanda suka tashi, ya ɗebo wasu. Tsakanin wannan da wancan ba shi da aiki sai zama a filin ajiye motoci, ƙarƙashin rumfar kwano. Sauran direbobi barci suke yi ko gardamar ƙwallo. Shi barcin rana ba ya ɗaukarsa, ƙwallo kuwa ko 'yan wasa nawa ake zubawa bai sani ba. Zaman nan ne ya jefa shi ɗaukar hoto.

Da waya ya fara. Daga baya ya sami wata ƙaramar kyamara mai cire gilashin gaba, wanda masu sana'ar ke kira lens, ya yi shekaru yana rataye da ita. Babu abin da ya tsira daga hannunsa: mage a kan taya, hannun bakanike baƙi ƙirin da mai, mai gadi yana hamma.

A gida mun sha wahalarsa. Falonsa ɗan tsukut ne, mu kuwa Allah ya yi mu da yawa. Duk ranar da muka taru sai ya jera mu a kujera, ya yi ta ja da baya har ya manne da bango, yana cewa, "Ku matsa kaɗan. Ƙara matsawa. Ke Auta, sunkuya." Ni ce Autar, duk da cewa 'ya'yana sun fara fina tsawo. Bayan duk wannan matse-matsen sai hoto ya fito an yanke kunnen wani ko kafaɗar wani. Mijina ya fi kowa shan yanka, don kullum shi ne a gefe.

"Yaya," yakan ce, "in ba ka so na a dangin nan, ka faɗa mini kai tsaye mana."

Amma abin da ya fi damun Yaya shi ne cikin motarsa. Ya ce babu inda fuskar mutum ke yin kyau kamar da safe, lokacin da ma'aikata suka shigo suka zauna, wata na gyara ɗankwali, wani ya jingina da gilashi yana ƙarasa barcinsa. Sai dai hasken ciki kaɗan ne. In ya ɗauka, hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. In ya kunna filasha, fuskoki su yi ƙyalli, idanu a rufe, a bi shi da tsaki na gaske.

Daga nan ya fara zancen wata irin kyamara da ake kira ful-firem. Ya dami kowa da ita, musamman matarsa, wadda muke kira Anti.

"Kin ga, abin da ke kama haske a cikinta ya fi na tawa girma nesa ba kusa ba," ya ce mata. "Kamar taga ce. Ɗaki mai babbar taga da mai ƙarama, wanne ya fi haske?"

"To fara faɗaɗa mini tagar kicin tukuna," in ji Anti.

Sabuwa dai ta fi ƙarfinsa, shi ma ya sani. Ana nan sai wata mai ba da magani a asibitin ta gaya masa kawunta, tsohon mai hoto, zai ajiye sana'a saboda ciwon kafaɗa, kuma yana neman wanda zai sayar wa tasa ful-firem ɗin. Yaya ya zo har gida ya ɗauke ni.

"Ki raka ni, Auta. In kin ga jikina na rawa, ki taka mini ƙafa."

Shagon tsohon yana saman bene, a kan wani wurin facin taya. Bai yi zancen ciniki ba sai da ya ce Yaya ya nuna masa aikinsa. Ya sa tabarau ya daɗe yana duba hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Kana da haƙuri," ya ce. "Amma kana jin kunyar matsawa kusa da mutane."

Sannan ya jawo durowa ya fito da ita. Baƙa ce, ƙatuwa, fentin kusurwoyinta ya goge har ƙarfe ya fito, robar da babban yatsa ke zama ta yi sulɓi. Tsohon bai ɓoye komai ba: murfin batir sai an danne shi da salatif, kuma ta ɗauki hotunan da shi kansa ba zai iya ƙirgawa ba. Ya sa Yaya ya ɗauki farin bango don ya tabbatar babu ƙura a ciki. Yaya ya ɗora ta a ido ya danna. Ta yi wata ƙara mai nauyi, kamar an rufe ƙofar mota mai kyau. Ya sauke ta ya dube ni, fuskar nan tasa kamar ta yaron da aka saya wa keke. Ni da aka kawo don in taka ƙafa, ni ce na ce, "Yaya, ɗauke ta kawai."

Murnar ba ta daɗe ba. Kyamarar kawai ya saya, ban da lens. Muna isa gidansa ya ɗaura mata lens ɗin tsohuwar kyamararsa, ya ɗauki Anti tana shanya. Hoto ya fito, ga Anti a tsakiyar da'ira, kewayenta baƙi wuluk, kamar an leƙo ta ta cikin bututu. Ya sake ɗauka, haka. Gumi ya karyo masa. Ya kira tsohon a waya, ya ce kyamara ta lalace a hanya.

Har inda nake zaune ina jin dariyar tsohon. "Ba abin da ya same ta. Hular yaro ka sa wa babban mutum. Wannan lens ɗin ba zai rufe ta ba. Zo gobe, akwai wani a durowa yana cin ƙura, ka haɗa da shi."

Lens ɗin tsoho ne, da hannu ake murza shi har hoto ya fito sosai. Nan ma sai da aka sha kallo. Hotunan farko da ya yi wa Anti, hancinta ya fito tas, kunnuwa kuwa sun narke kamar hayaƙi.

"Yanzu duk jikina hanci kawai ka gani?" ta ce. "Ka goge shi kafin yara su gani."

Wuyansa ya yi ciwo saboda nauyinta. Hotunan suka cika kwamfutar babbar 'yarsa har ta hana shi taɓa ta. Amma ya nace. A rumfar motoci ya yi ta murza lens a kan lambobin mota da tsuntsaye har hannunsa ya saba.

Ranar da muka sake taruwa a falonsa, ya jera mu, ya fara ja da baya kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki, kyamara a ido. Can sai muka ga ya tako gaba. Kowa ya shiga, har da agogon bango da takalman da ke bakin ƙofa. Mijina ya karɓa ya duba, ya ce, "Allahu akbar! Ashe kunnena biyu ne."

Na cikin mota ma suka fara fitowa yadda yake so. Yakan nemi izini tun kafin a zauna, ya ɗauka ba filasha, ba wanda ya ji an dame shi. Shugabar masu jinya ta ga na wata mai girki tana dariya da hannu a baki, ta sa aka wanke wasu aka rataye a barandar da ke zuwa ɗakin cin abinci. Yanzu masu shara kan tsaya da tsintsiya a hannu suna nuna wa 'yan dubiya kansu.

Mahaifiyarmu, Inna, a wajena take zaune, a ɗakin baya. Tun da ƙafa ta matsa mata ba ta cika fitowa ba, kuma ta tsani hoto saboda abin da take kira walƙiyar nan mai kashe ido. Wata ranar hutu da hantsi Yaya ya zo gaishe ta, ya zauna a ƙasa kusa da gado, kyamara a cinya. Labule a ɗage, haske na sauka a gefen fuskarta. Ya ɗauko labarin ranar da ya fara koyon mota ya ture mata igiyar shanya da kaya a kai. Inna ta tuntsire da dariya har tana riƙe ƙirji.

"Me ya yi ƙara?" ta ce.

"Gwiwata ce, Inna. Tsufa."

"Tsufa a gabana? Allah ya shirye ka."

Ya wanke hoton babba, ya sa a gilashi ya kawo. Inna ta karɓa ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo, tana shafa gilashin da yatsa.

"Ina kuka samo hoton Yaya Babba?" ta ce a hankali. Yayarta take nufi, wadda ta rasu tun muna ƙanana.

"Ba ita ba ce, Inna. Ke ce."

"Ni?" Ta sake dubawa. "Kai, har wushiryar." Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ɗago ta harare mu. "Ashe haka nake da kyau, duk gidan nan ba wanda ya taɓa gaya mini?"

Ta sa aka rataye shi daidai inda za ta riƙa gani daga kwance, ta aika aka kira maƙwabta su zo kallo. Tun daga ranar, duk hutun Yaya sai ya tarar ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta zauna ƙiƙam tana jiransa, baki a tsuke. Ya yi ta roƙonta ta saki jiki ta yi dariya kamar wancan karon.

"Wancan ai sata ka yi," in ji ta. "Wannan da sanina za ka ɗauka. Tsaya in gyara mayafi."