Tavershima da Albam Talatin da Ɗaya

Shekara tara shagona na aski yana jingine da na Tavershima a Bukan Sidi cikin Lafia, falankin katako ne kawai ya raba mu. Shi gyaran waya yake yi, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ɗan Tibi ne, iyayensa manoman doya ne a wani ƙauye bayan Agyaragu. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai da gefen baki. A aiki kuwa babu mai kama ƙafarsa. Wayar da ta faɗa rijiya ya taɓa tayarwa a gabana.

Da can shi ke kaɗa jita a cocinsu. Wata shekara wani ɗan bautar ƙasa ya kawo masa kwamfuta gyara, yana dubawa ya ci karo da waƙoƙin wani Bature, ya kwashe su duka. Sunan Baturen ya fi ƙarfin harshenmu, don haka duk layin muna ce masa Baturen Tavershima. Irin kiɗan da ake kira metal yake yi, amma Tavershima ba ya yarda a tsaya nan. Ya ce furogiresif metal ne, wato waƙa ɗaya sai ta yi minti ashirin tana sauya salo, ta fara kamar addu'a ta ƙare kamar ana rushe gida. Bai yi wata shida da samun waƙoƙin ba ya bar jitar coci. Ya gaya wa shugaban mawaƙa a gaban jama'a cewa shekara goma suna maimaita sauti uku kamar tsuntsaye, shi ya gaji.

Albam talatin da ɗaya Baturen yake da su. Tavershima ya yanko kwalin firji ya jera sunayensu da alƙalamin maka, kowanne da shekararsa, ya buga a bango. In ya samu mai saurare sai ya ɗauki sukudireba yana nunawa. Huɗun farko ihu ne zalla, lokacin mutumin yana saurayi yana fushi da kowa. Daga na biyar zuwa na goma sha ɗaya ya koyi haƙuri, jita takan yi tsawa sannan ta lafa. Akwai wani mai faifai biyu a kan jirgin ruwa da ƙanƙara ta riƙe. Akwai wanda ya yi da masu goge sittin. Akwai wanda waƙa ɗaya ce tak ta cinye minti hamsin da biyu. Ni kaina, ta cikin falankin nan, na haddace wasu ba da niyya ba.

Duk wanda ya ga kwalin, tambaya ɗaya yake yi: daga wanne ake farawa? Tavershima na jiran wannan tambaya kamar mai jiran nama ya faɗa tarko. Dokarsa ita ce daga na ɗaya ake farawa, ba tsallake, kuma wanda ya kasa jure huɗun farko bai cancanci sauran ba.

Akwai wani mai keke napep, Sadisu, mutum mai fara'a da ke aje kekensa a gaban shagunanmu in rana ta take. Lokacin yana neman Usaina, mai sayar da awara a bakin titi. Wata ranar Laraba, ita tana tsaye ta kawo mana awara, ya so ya nuna mata shi ma ya waye.

"Injiniya, tura mini Baturen nan naka. Wanne zan fara da shi?"

Tavershima ya ce, "Zauna, ka ɗanɗana tukuna."

Ya cusa masa iyafis a kunne biyu, ya ƙure ƙara, ya saki albam na uku. Sadisu ya zabura kamar kunama ta harbe shi, ya yi baya da benci, ya zube cikin kwatar da nake zubar da ruwan aski. Usaina ta toshe baki da mayafi.

Tavershima ya naɗe wayar iyafis ɗinsa a hankali ya ce, "Daƙiƙa huɗu. Akuya ma ta fi ka. Kunnenka na hon ne, je ka ci gaba da danna hon."

Muka yi dariya, har da ni. Sadisu ma ya yi, yana matse rigarsa. Amma daga ranar bai sake aje kekensa a inuwarmu ba sai can tsallake.

Matar Tavershima, Nguavese, lemo da manja take sayarwa a kasuwa. Kullum da azahar takan kawo masa sakwara a kula. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu, ya gwada wani memori a wayarta ya manta bai cire ba. A ciki akwai albam na goma sha tara, wanda Baturen ya yi bayan mutuwar tasa uwar. Babu ihu a cikinsa, babu ganga, jita ce kawai da muryar wata mace can ƙasa-ƙasa. Nguavese ba ta jin abin da suke faɗa. Ta gaya mini daga baya cewa mako uku tana saurarensa a bayan tiren lemonta, kuma shi ne abu na farko da ya bar ta ta yi kuka yadda take so.

Ran nan ta shigo da kula tana rera ɗaya daga cikin waƙoƙin da hanci. Ina aske wani dattijo, na ji shiru ya sauka a shagon da ke gefena. A tsakaninsu da yaren Tibi suke magana, amma a ranar da Hausa ya yi mata, don duk layin ya ji.

"Ina kika samu wannan?"

"A wayata na gani, Baban Seember. Yana da daɗi."

"Daɗi," ya ce. "Kawo wayar."

Ta miƙa masa da murmushi, ta ɗauka ƙara mata zai yi. Ya zare memorin, ya sa a kwamfuta, ya goge, ya mayar mata da shi fanko.

"Ba ki sha wahalar sha takwas ba, za ki zo ki ji daɗin na sha tara? Kin san abin da mutumin ya wuce kafin ya yi shiru haka?"

"To nuna mini na farkon, in fara."

"Ke? Koma ki ƙirga ƙudajen kan lemonki."

Ta tsaya tana kallon wayar. Sannan ta aje kular a kan teburinsa, ta gyara ɗaurin zaninta, ta fita. Ba ta yi kuka ba. Ba zan ce waƙa ce ta raba aurensu ba, don akwai irin wannan da yawa a gida da ba mu gani. Amma kafin kakar doya ta ɗauki 'yarta Seember ta koma wurin yayanta a Agyaragu. Da na tambaye shi, sai ya ce gidan ya fi daɗin sauraro yanzu.

Bayan shekara biyu kunnuwansa suka fara lalacewa. Ya fi shekara goma iyafis na cikinsu tun safe har yamma, ƙara a ƙure. Sai an maimaita masa magana sau uku. Ya koma kallon bakin mutum in ana masa bayani, in ya ba da amsa kuma kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Wata ma'aikaciyar jinya da yake gyara wa waya ta tsegunta mana cewa an duba shi, na dama ya mutu, na hagu saura kaɗan. Shi bai taɓa faɗa ba. Mu kuma muka yi kamar ba mu sani ba.

A cikin wannan hali ya karanta cewa Baturen zai fitar da albam na talatin da biyu, bayan shekara huɗu shiru. Ya ƙara layi a ƙasan kwalin ya bar shi fili. Makon da abin ya fito, sabis ya lalace a unguwar, ya yi ta fama ya kasa saukewa. Sai ga Sadisu ya tsallako, karo na farko cikin shekaru, da memori a tafin hannu. Ya matsa kusa da kunnen hagu ya ɗaga murya.

"Injiniya, wani ɗalibin jami'a na ɗauka, ashe shi ma ɗan hannu ne. Ya ce in kawo maka sabon."

Na san abin da ke cikin memorin, don Sadisu ya gaya mini tun ana gobe zai kawo. Ya je wurin masu injin markaɗe a kasuwa ya ɗauki ƙarar da wayarsa, ya ƙara da ta janareta da ta mai walda. Ɗalibin ya yanka masa ita gida takwas, ya ba kowanne suna da Turanci, ya manna hoton sabon albam ɗin a kai. Da Sadisu ya gaya mini, dariya na yi har na dafa madubi. Da la'asar ni na fito da bencina biyu na jera a ƙofar shagon.

Mutum ya kai goma sha biyar. Tavershima bai taɓa ganin jama'a sun taru don Baturensa ba. Ya canza riga. Ya jona babbar lasifika, ya ɗora tafin hannunsa a kanta don ya ji girgizar, ya rufe ido.

Injin markaɗe ya tashi.

Ya yi kusan minti biyu bai motsa ba. Sannan ya fara gyaɗa kai.

"Kun ji? Ya koma asalinsa. Wannan na uku ne ya dawo, amma da hankalin tsufa."

Sadisu na tsaye yana ɗaukar bidiyo. Ya ce, "Yi mana bayani, Injiniya, mu jahilai ne."

Ya yi bayani. Da janareta ya shaƙe ya yi tari, ya ɗaga yatsa ya ce nan ne mai ganga ya karya ƙa'ida da gangan. Da ƙarar walda ta shigo, ya ce wannan jita ce mai tsirkiya takwas. Mutane na cizon hannun riga. Can cikin kashi na biyar sai muryar wata mata ta fito tar daga lasifikar: "Mai inji, ƙara ruwa, waken bai yi laushi ba!"

Tavershima ya buɗe ido, sun kawo ruwa. Ya ce, "Ga macen ta dawo. Ita ce ta albam na sha tara. Ban zaci zan sake jin ta ba."

Nan aka fashe. Wani ya faɗo daga benci. Tavershima ya dubi fuskokinmu, shi ma ya yi murmushi, duka bakin a wannan karon. Ya ɗauka daɗi muke ji. Ya ɗauki maka ya cike layin da ya bari a kwalin.

Kwana uku bidiyon na yawo a Lafia bai sani ba. An sa masa suna Farfesan Markaɗe. Mutane na zuwa takanas su tambaye shi ra'ayinsa a kan sabon albam, shi kuma yana aje aiki yana ba su amsa dalla-dalla.

Rana ta huɗu Nguavese ta sauka daga mota a bakin titi. Bidiyon ya kai zauren matan cocinsu na waya. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta shiga shagon, ta riƙe masa wayarta a gaban ido har ya ƙare. Bai gane ba, ya ce mata ai ga shi ana yaɗa iliminsa. Sai ta kama kansa da hannu biyu, ta sa baki a kunnen hagu, ta yi magana da Tibi, doguwa. Ban ji ma'anar ba. Na ga dai hannunsa yana laluben gefen teburi. Ba ta rarrashe shi ba. Ta saki kansa ta fito, ta tsaya a ƙofata.

"Ikrama," ta ce da ni, "na ga bencinka a ciki."

Na ce wasa ne kawai.

Ta ce, "Shi mugu ne, na fi ku sani. Amma shi a fuska yake yi." Ta tsallaka titi ta tare motar komawa.

Bai yi faɗa da kowa ba. Bai nemi Sadisu ba. Makonni biyu yana buɗe shago yana aiki baya ga ƙofa, falankin da ke tsakaninmu shiru. Farkon damina ya kwashe kayansa ya koma wata 'yar rumfa kusa da tasha. Gyara kawai yake yi yanzu, ya daina tura waƙa, kuma ya rubuta a allo cewa a rubuta masa matsalar waya a takarda. Shagon nasa wata mai kifin firji ce a ciki. Sadisu ya auri Usaina, har yau in fasinja ya yi kama da baƙo yakan kunna masa bidiyon.

Bara wayata ta daina caji, masu gyara biyu suka kasa. Na je tasha na bi layi. Tun a hanya nake shirya abin da zan ce masa, da na iso sai na ga ba zai ji ba, kuma na kasa rubuta shi a takarda mutane na leƙe ta kafaɗata. Na rubuta cewa ba ta caji. Ya karanta, ya buɗe wayar, ya hura, ya ɗiga dalma a wuri ɗaya, ta kawo haske. Ya turo mini ita ta kan teburi bai ɗago ba, ya miƙa hannu ga takardar na bayana.