Almakashi a Kan Yaya Vesta

A Kwarin Slone, can gabashin Kentucky, inda maza ke shiga ramin kwal su fito baƙi ƙirin, babu wanda bai san zafin ran Orlena Tackett ba. Mace ce 'yar firit, ga ƙaramin jiki ga babbar murya, kuma tun tana yarinya take rigima da duniya a kan gashinta. Ita da yayarta Vesta duk sun gaji gashin uwarsu, sili-sili, ba cika ba ƙwari, kamar gemun masara. In an wanke shi da safe, kafin rana ta take ya kwanta ya manne da fatar kai, kunnuwa su leƙo waje. 'Yan makaranta suna kiransu jiƙaƙƙun ɓeraye. Vesta takan sunkuyar da kai ta wuce. Orlena kuwa sai da ta fasa wa wani baki da kwanon abincinta.

Matan cocinsu ba sa yanke gashi, sun ɗauke shi amana ce tsakaninsu da Ubangiji. Mai cikar gashi takan naɗe abinta gammo guda a ƙeya ta shigo coci tana taƙama. Na su Orlena in an naɗe bai fi ƙwan tattabara ba. Da ta zama budurwa ta gwada kayan kanti iri-iri, kowanne da hoton mace mai gashi har baya a jikin kwalbar, kowanne kuma sai ya ƙara kwantar mata da shi.

"Maƙaryatan banza!" in ji ta. Ta kwashe kwalaben ta watsa a bola, ta ce daga yau ita za ta yi wa kanta magani.

Ruwan rijiyarsu ja ne, yana warin ƙarfe, don haka ta kafa duro a ƙarƙashin indararo tana tarar ruwan sama. Takan kaɗa gwaiduwar ƙwai da ruwa mai ɗan ɗumi ta wanke kai da shi. Mai ɗan ɗumi fa, domin ranar farko da ta sa mai zafi ƙwan ya dahu a kanta, mijinta Dewey ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kuma kwana da yunwa. Ɗauraya kuwa da khal take yi, wato ruwan tsami, wanda take haɗawa da kanta daga ɓawon tuffa, ta sirka da ruwan wani ganye mai ƙaiƙayi da ke fitowa a bakin rafi. Man shafawa ko ɗigo ba ya taɓa gindin gashin. Sai ta sunkuyar da kai a rana ya sha iska, ta kitse shi ƙanana tun da sauran danshi, washegari ta warware. Gashin bai ƙara yawa ba, amma ya miƙe tsaye, ya daina yi mata rashin mutunci.

Kowace Asabar Vesta takan sauko daga gidanta na kan tudu ta zauna a kujera, Orlena ta yi mata irin nata tana yi tana faɗa: faɗan kamfanin kwal, faɗan limamin coci, faɗan kajin maƙwabta. Vesta sai dai ta ce, "To, Orlena. To." Haka suka yi har mazansu suka mutu, har gashin Vesta ya yi fari fat, ya sauko mata ƙugu, siriri kamar zaren auduga. Almakashi bai taɓa kusantarsa ba tun ranar da aka yi mata baftisma a rafi.

Sai Vesta ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Ɗanta tilo, Garland, yana aikin masana'anta a Ohio. Ya zo ya ce zai kai ta gidan kula da tsofaffi da ke cikin gari.

"Ina raye za ka kai yayata hannun bare?"

"Inna Orlena, ke ma fa aikin ƙugu za a yi miki. Wa zai ɗaga wa?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ma abin ya fi ba ta haushi. Aka kai Vesta, Orlena kuma aka kwantar da ita asibiti. Ta yi makonni ba ta taka ƙasa ba.

Ranar da ta samu ƙafa, ta zuba ruwan sama a jarka, ta sa ƙwai da kwalbar khal a kwando, ta tuƙa tsohuwar a-kori-kurar Dewey zuwa gari, duk da likita ya hana. Ta shiga ɗakin Vesta a gidan tsofaffin tana dogara sanda. Ta ga wata tsohuwa a keken marasa lafiya ta juya wa ƙofa baya, kanta lulluɓe da tawul.

"Yaya, ni ce. Me ya sa kika rufe kai kamar mai mura?"

Vesta ta damƙe tawul ɗin da hannunta mai lafiya. Orlena ta janye shi a hankali. An datse gashin kakaf har saman kunne, irin askin maza, ga shi ya yi maiƙo ya lafe, ana hango jar fatar kai ta tsakiya. Vesta ta runtse ido, bakinta ya karkace, ta ce, "Kar... ki kalla."

Orlena ta ajiye kwandon a hankali don kar ƙwan ya fashe. Shi ne abu na ƙarshe da ta yi a hankali ranar. Ta fita tsakar gidan ta buga sandarta a kan teburin ma'aikata har kofuna suka yi tsalle.

"Wace 'yar banzar ce ta sa wa yayata almakashi?"

Shugabar masu jinya ta taso da murmushin da ake yi wa yara. "Mama, kwantar da hankalinki. Gashin ne yake cukurkuɗewa a matashin kai, irinsa ba ya jure kwanciya. Haka ya fi mata sauƙi."

"Ya fi mata, ko ya fi muku? Kun tambaye ta?"

"Ai ba ta iya magana sosai."

"Kunnenta ma ya shanye ne? Ba ta iya girgiza kai? Ta yi kuka ko ba ta yi ba?"

Wata ma'aikaciya a bayan shugabar ta sunkuyar da kai, Orlena ta samu amsarta.

"Ina gashin? Ku ba ni abina."

"An share, Mama. Kuma mun kira ɗanta kafin mu yi. Ya ce mu yi duk abin da ya fi sauƙi."

Nan take ta sa aka kira mata Garland a wayar gidan, a gaban kowa. "Kai, ɗan Vesta! Matar da ta goya ka ta hau tudu da kai cikin ƙanƙara, ita ce ka ce a yi mata abin da ya fi sauƙi?"

"Inna, gashi ne fa kawai, zai sake tsirowa. Ina bakin aiki suka kira ni."

"Gashi ne kawai? Alkawarinta ne da Ubangijinta, sakarai! Ka zo ka fitar min da ita, ko in ɗaure ta a bayan mota in tafi da ita kowa yana gani."

Ya san za ta aikata. A ƙarshen mako ya zo, aka mayar da Vesta gidan Orlena, matan coci suka riƙa zuwa bi da bi suna taya ta ɗagawa da kwantarwa. Da farko Vesta ba ta yarda kowa ya gan ta ba ɗankwali. Orlena ba ta lallashe ta ba, don ba ta iya ba. Ta dai ci gaba da wanke ɗan abin da ya saura, tana barbaɗa masa garin masara mai laushi in ya yi maiƙo, tana taje shi da yatsu, tana tsine wa gidan tsofaffin da duk wanda ya aza tubalinsa. Da bazara gashin ya rufe kunne. Da kaka ya isa a kama shi da ɗan ƙyalle a ƙeya, Vesta ta yarda aka kai ta coci. Kafin sanyi ya fita ta rasu a cikin barcin rana.

Mutane sun ɗauka mutuwar za ta sanyaya Orlena. Ina! Sai ta tsiri zuwa gidan tsofaffin nan da kwandonta, tana bin ɗaki-ɗaki tana tambayar matan da bakinta ko suna son a wanke musu kai. Shugabar ta so ta hana, iyalan tsofaffin suka ce a bar ta. Ma'aikata in sun ji ƙarar sandarta sai kowa ya kama gabansa.

Garland kuwa ya nemi gafara ba sau ɗaya ba. Duk shekara yakan tuƙo mota daga Ohio ya faskara mata itacen hunturu, ya jera shi tsaf a jikin bango. Takan dafa masa wake da burodin masara, ta cika kwano har yana zuba, ta miƙo masa ta ƙofar baya ba tare da ta kira sunansa ba. Limamin coci ya yi mata wa'azin yafiya, ta ce ya je ya yi wa almakashi. Har ta koma ga Mahaliccinta, a kan matakalar ƙofar baya Garland yake cin abincinsa.