Rijiyar da Kwaɗo Ya Bari a Gaba Bakwai

Rijiya arba'in da ɗaya ya haƙa da hannunsa, ban da waɗanda ya yashe, shi ya sa duk unguwa Kwaɗo ake ce masa. Gajere ne, mai faɗin ƙafa, kullum da laka a bayan kunne. Kayan aikinsa ba yawa: diga mai guntuwar ƙota, shebur, bokiti biyu, igiya, sai ƙaninsa. Karɓa-karɓa suke yi, ɗaya a ƙasa yana haƙa, ɗaya a sama yana ja.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. Kafin a shiga ramin da ya daɗe a rufe, a zura fitila mai wuta. In ta mutu, iskar ciki ba ta shaƙuwa. Kwaɗo ya raina wannan. A ganinsa, wanda ya yi bismillah sannan ya tsaya gwada rami, bai gama yarda da Allah ba.

Ranar da aka kira su yasar rijiyar gidan burodi, ƙanin ya ɗauko fitila.

"Ajiye mana wannan!" in ji Kwaɗo. "Ɓeraye za ka haska wa? Tawakkali, ƙanena. In kwana bai ƙare ba, ba a mutuwa."

"To, Yaya."

Ƙanin ne da shiga ranar. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Bai daɗe a ciki ba ya sume. Sai da masu gashin burodi uku suka taya Kwaɗo ja, ya fito sake-sake kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya rayu, amma harshe ya yi nauyi, hannun dama ko cokali ba ya riƙewa.

Tun daga nan, ko tanki Kwaɗo ya leƙa sai ya ja da baya. Ya koma dako a kasuwar katako. Baki goma sha ɗaya na gida biyu suna jiransa, abin da yake samowa bai ƙosar da shida ba. Matar ƙanin ta daina amsa gaisuwarsa sai da ka. Ga kuma rijiyar da ya fara wa wata tsohuwa mai wankau, ya bar ta a zurfin gaba bakwai, bayan ya yi mata alkawari da bakinsa. Ba ta taɓa tuna masa ba. Wucewa kawai take yi ta ƙofarsa da jarka, tana hutawa a jikin katangarsa.

"Baban yara, har yaushe?" matarsa ta tambaye shi.

"Imanin ne ya yi rauni."

"Wane imani? Taurin kai ne ka sa masa hula."

Bai ci abinci ba ranar.

Ƙanin ne ya zo da kansa, yana jan ƙafa, ya zauna a kan buhun siminti. Kalma ɗaya-ɗaya take fita.

"Yaya, ka gama wa Inna mai wankau aikinta."

"Wa zai riƙe mini igiya?"

"Surukinta. Ni kuma in riƙa kiran ka. In ka yi shiru, mu ja."

Da safe suka janye kwanon rufin da aka rufe ramin da shi. Sau biyu Kwaɗo ya zura fitila, sau biyu ta dawo da wutarta. Fitila ta ce lafiya, tsoro ya ce a'a. Ya yi bismillah, wannan karon kamar mai roƙo, ya sa ƙafa a matakin farko. Matar ƙanin tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a harɗe.

Tsoron bai tsaya a sama ba, tare suka sauka. Ya ɗauki diga ya fara saran ƙasa.

"Yaya?"

"Na'am."

Can kuma, da ƙyar, "Yaya?"

Shiru. Surukin ya taƙarƙare, igiya ta miƙe.

"Kai, sassauta!" Muryar Kwaɗo ta taso daga ƙasa, ta wanda ya yi kuka. "Ina nan. Ku ja bokiti."